Gidan Zanzaro a Murhun Umma

Wannan makon mu shugabannin zaure suka miƙa wa alƙalami, kuma da farko mun yi niyyar kawo muku bayani ne a kan yadda ake gina tauraron labari. Sai wani abu ya same mu a gida makonni uku da suka wuce, wanda har yau in muka tuna sai gabanmu ya faɗi. Muka ajiye tauraro gefe, muka ce bari mu ba ku labarin murhun gas ɗin Ummanmu.

Murhun nan mu muka saye shi, shekara biyu ke nan, da kwasar adashenmu ta farko bayan mun gama difiloma a foli. Mai kai biyu ne, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur, da tukunyarsa mai cin kilo 12.5. Ba don gayu muka saya ba. Umma ta haura shekara talatin tana hura wutar itace, idonta kullum jajir, ga wani tari da ke tashinta tun kafin kiran assalatu. Ranar da muka kai ta asibiti, likita ya gama sauraren ƙirjinta ya tambaye ta ko tana shan taba. Umma ta yi salati ta tafa hannu. Ya ce to hayaƙin madafi ne, kuma maganin da zai rubuta mata ba zai yi wani tasiri ba matuƙar tana komawa ta durƙusa gaban murhu safe da yamma.

Baba bai so ba ko kaɗan. Da ya ga an shigo da tukunyar sai ya miƙe daga kan buzunsa ya ce, "Bom za ku ajiye mini a gida?" Sai da muka haɗa shi da Kawu, aka yi ta lallashi, sannan ya yarda bisa sharaɗi guda: "Ranar da na ji ko warinsa, ranar zai bar gidan nan." Baba kuwa ba ya magana biyu. Ku riƙe wannan sharaɗin, don shi ne ya kai mu ga wautar da za ku ji nan gaba.

Tun da kilon gas ya haura naira 1,000, Umma ta daina kunna kai biyu. Na hagu kawai take amfani da shi, ta yi miya ta sauke sannan ta ɗora tuwo, na dama kuwa ya yi watanni ba a taɓa shi ba. To sai na hagun ya fara rauni. Wutar ta ƙanƙance, zagayen ya zama da giɓi kamar bakin tsohuwa, ruwan shayi sai ya share rabin awa bai tafasa ba. Umma ta ce bari ta koma na dama. Tana kunnawa sai ga wani dogon harshe ruwan ɗorawa yana lilo kamar na aci-balbal. Kafin kwana uku gindin tukwanenmu ya koma baƙi ƙirin, autarmu mai wanke-wanke ta fara gunaguni wai gara ma itace.

Mutumin da muka fara ɗora wa laifi shi ne mai sayar da gas, kamar yadda kowa ke yi. Muka ce ko bai cika mana ba, ko ya haɗa da wani abu. Muka aro sikelin rataye wurin maƙwabcinmu mai sayar da kaji. A wuyan kowace tukunyar gas akwai nauyinta in babu komai a ciki, an buga shi a jikin ƙarfen. Tamu kilo 13.2 ne. Muka rataya, sikeli ya nuna 21. Ke nan da sauran kusan kilo 8 a ciki. Nan ne kaɗai difilomarmu ta akanta ta yi mana rana a duk wannan labari. Daga baya kuma muka zauna muka yi tunani: in gas ɗin ne ba shi da kyau, ai kawunan biyu ciwo iri ɗaya za su yi, tunda daga tukunya ɗaya suke sha. Ga shi ɗaya rauni yake yi, ɗaya hayaƙi. Muka nemi gafarar bawan Allah a zuci.

Umma ta dube mu ta ce, "Ke da kika yi foli, wannan ɗan abin ne zai gagare ki?" A wurin iyayenmu duk wanda ya shiga foli injiniya ne, ko da lissafin kuɗi ya karanta. Kiran mai gyara kuwa ba ya cikin lissafi, don ba yadda za a yi namiji ya shigo gidan da akwatin kayan aiki Baba bai sani ba.

Muka kwana biyu muna kallon bidiyo muna kiran Yaya a waya, shi da yake bakanike ne a Kaduna, har muka fahimci yadda abin yake aiki. Gas ɗin da ke cikin tukunya ruwa ne a matse, shi ya sa in ka girgiza za ka ji motsinsa. Samansa ne yake zama iska. Regileta, wato abin nan da ake ɗaurawa a bakin tukunya, shi yake rage ƙarfin iskar ya sake ta a hankali cikin tiyo. Daga tiyo ta biyo makunni, sai ta fita ta wata 'yar ƙaramar ƙofa a jikin wani noti na tagulla, wadda masu gyara ke kira jet, ƙofar da ba ta fi tsinin allura ba. Tana fita da gudu sai ta faɗa wani bututu mai buɗaɗɗen baki, ta jawo iskar ɗaki su gauraya, sannan su fito ta ƙananan hujojin kan murhu su kama da wuta. In iskar ɗaki ta wadata, wutar shuɗiya ce, gajera, mai ɗan huci. In iska ta yi kaɗan, wutar sai ta koma ruwan ɗorawa, ta yi tsawo, ta riƙa shafa wa tukunya baƙi.

Baƙin tukunya ma shi ne ƙaramin abu. Wutar da ba ta ƙone sosai tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri, in ta taru a rufaffen ɗaki kuma ta kashe mutum yana zaune. Da muka ji haka sai jikinmu ya yi sanyi, domin satin nan gaba ɗaya Umma na kukan ciwon kai da yamma, mu kuma muna cewa jininta ne ya hau. Amma kada wani ya ga ɗan tartsatsin ja yana gilmawa cikin shuɗiyar wuta lokacin hunturu ya tsorata. Wannan ƙura ce take ƙonewa, ba ita muke nufi ba.

Ranar Asabar, Baba na fita kasuwa, muka rufe regileta, muka cire tiyo daga jikin murhu, muka fito da shi tsakar gida muka kife a kan tabarma. Muka fara da na hagu. Da muka ɗage hular kan sai muka ga tarihin girkin gidanmu na shekara biyu: kunun da ya taɓa bori, miyar kuka, ruwan wake, duk sun bushe sun toshe kusan rabin hujojin. Muka jiƙa kan da hularsa a ruwan zafi da omo, muka goge da tsohon buroshin haƙori, muka bi hujojin ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Saura jet. Umma ta zaro allura daga bakin ɗankwalinta ta miƙo mana, har mun kai hannu, sai muka ce bari dai mu ƙara kiran Yaya. Ya daka mana tsawa ta waya: "Kul! Tagulla ba ta da tauri, allura ƙarfe ce. Kina sokawa ƙofar za ta ƙara faɗi, kuma ba ta komawa. Gas zai fi ƙarfin iska, wutar ta zama ja har abada, sai dai a sayo wani." Ya ce mu fere tsohuwar wayar wuta mu zaro silin jan ƙarfe guda ɗaya, wanda ya fi ƙofar siranta, mu zura a hankali mu hure. Muka yi haka, wani ɗan baƙin maiƙo ya fito. Muka ɗaga notin sama muka hango hasken rana ta ciki.

Na dama kuwa kansa tsaf yake, jet ɗinsa ma a buɗe. Muka rasa ta inda ciwon yake. Autarmu ce ta karɓi waya ta haska fitila cikin bututun da ke jawo iska, ta ce, "Yaya, ƙasa ce a ciki." Muka leƙa. Laka ce busasshiya, an gina ta da kyau, ɗaki-ɗaki, ta cinye fiye da rabin bututun. Zanzaro ne ya ga wuri shiru, ba wuta ba hayaniya watanni, ya yi gininsa. Muka sa tsinken tsintsiya muka rushe, ƙasa ta zubo tare da busassun tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce shekara da shekaru tana rushe gidan zanzaro a bayan ƙofa da cikin buta, ashe rama wa ya zo yi.

Muka shanya komai a rana ya bushe sarai, don kan da ke da danshi tari yake yi ya ƙi kamawa daidai. Muka mayar da komai mazauninsa, muka cusa tiyo, muka ɗaure da igiyar robar da muka tarar a wurin, muka kunna. Kawunan biyu suka kama shuɗi shar, zagaye cikakke ba giɓi. Umma ta rangaɗa 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ranar muka ci tuwo tun kafin magariba, muna jin kanmu kamar mu muka ƙera murhun.

Yanzu ga abin da muka tsallake ba mu faɗa muku ba, kuma da kunya muke rubuta shi. Kusan kwana goma kafin wannan Asabar ɗin, akwai wani ɗan wari da ke tashi a madafin jefi-jefi. Mun ji, Umma ta ji, ba wanda ya ce wa wani uffan. Kowa na tuna sharaɗin Baba. Abin da Umma ta riƙa yi shi ne, in ya kusa dawowa sai ta zuba garwashi a kasko ta sa turaren wuta, ta zagaya tsakar gida da shi, har bakin ƙofar madafin. Garwashi fa, a bakin ɗakin da gas ke yoyo. Mu kuma da muka yi boko muna kallo, muna cewa a ranmu in muka wanke kawunan warin zai tafi.

Daren Asabar ɗin, don murna, ba wanda ya tuna ya rufe regileta. Aka ja ƙofar madafi aka sa sakata saboda ɓeraye, tagar ma a rufe saboda sanyi. Da asuba muka tashi ɗora wa Baba ruwan alwala. Muna zare sakata wari ya buge mu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, mai kauri har a maƙogwaro. Hannunmu na dama ya riga ya tafi bango neman makunnin fitila, don hannu ya saba. Har yatsa ya taɓa shi. Ba za mu ce wayonmu ne ya tsayar da mu ba. Allah ne ya tuno mana da maganar Yaya, cewa ɗan tartsatsin da ke cikin makunnin lantarki ya isa.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya bi taga kamar hayaƙi, ƙasa yake kwanciya, ya taru kamar ruwa a kwari, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Lita ɗaya ta ruwansa in ta zama iska tana kai wa lita 250, kuma in ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama. Shi kansa ba shi da wari. Da gangan kamfanoni ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya gane yoyo. A shekarar 1937 gas ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka, ba wanda ya ji komai don ba shi da wari, ya tashi ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu ɗalibai. Bayan nan ne jihar ta kafa dokar sa wa gas wari, wasu wurare suka bi. Wannan warin da aka sa don ya cece mu, shi muka kwana goma muna rufewa da turaren wuta.

Muka riƙe numfashi muka shiga cikin duhu, muka lalubo regileta muka rufe. Muka tura taga, muka bar ƙofa a wangale, muka fito. Muka tashi Umma da auta muka ce kada wanda ya ƙyasta ashana, kada a kunna fitila ko fanka, kada a kashe wadda ke kunne, kada a hura gawayi. Muna tsaye cirko-cirko a tsakar gida sai ga Baba ya fito da buta. Ya tsaya, ya ja hanci sau biyu.

"Warin mene ne wannan?"

Umma ta buɗe baki, muka riga ta. Muka gaya masa komai, har da kwana goman, har da turaren wutar. Bai ce komai ba. Ya yi alwala da ruwan sanyi ya tafi masallaci. Da ma faɗa ya yi da ya fi mana sauƙi.

Da gari ya waye, iska ta share ɗakin, wata maƙwabciya da ta ji labari ta leƙo ta ce a ƙyasta ashana a bi jikin tiyon, inda ya kama nan ne yake yoyo. Muka ce mata Allah ya ba ta haƙuri. Muka kaɗa omo a kofi ya yi kumfa, muka fito da komai fili, muka buɗe regileta, murhu a kashe, muka shafa kumfar da soso a bakin tukunya, da mahaɗar regileta da tiyo, da jikin tiyon duka. Daidai inda tiyon ya shiga murhu sai kumfa ta fara hurowa tana girma tana fashewa, kamar yaro na busa ta. Tiyon ya bushe ya tsage a ƙarƙashin igiyar robar, inda ido ba ya gani. Tsagar ta daɗe, ita ce warin kwana goma. Cirewa da mayarwar da muka yi ranar Asabar ita ta ƙarasa buɗe ta. Wato gyaranmu ya warkar da wuta ya ƙara yoyo, kuma da mun yi gwajin kumfar nan na minti biyar bayan mun haɗa, da mun gani tun rana ba ta faɗi ba.

Baba da kansa ya aika aka kira mai gyara, wani dattijo mai keke. Ya juya tiyon a hannunsa ya ce, "'Yata, wa ya ba ki wannan? Ai na ban ruwa ne." Mun tuna ranar sayen, an nuna mana iri biyu, muka ɗauki mai araha. Ya nuna mana na gas na ainihi, mai kauri, da zare a cikin naman robar, da shekarar da aka yi shi a rubuce a jiki, ya ce ko bai tsage ba kada ya wuce shekara biyar. Ya sa kilif na ƙarfe mai noti a bakin nan biyu, ya jefar da igiyar robarmu. Ya duba 'yar robar da ke cikin bakin tukunya inda regileta ke zama, ya ce ita ma tana cinyewa, a riƙa dubawa duk lokacin da aka dawo daga ɗuri. Regileta kuwa ya ce lafiyarsa ƙalau, amma ranar da ya lalace kada mu yi karambanin buɗe shi, sabo ake saye. Ya goge wuyan tukunyar ya karanta mana shekarar da aka ƙera ta, ya ce a ƙa'idar hukumar SON tukunyar gas shekara 15 take yi a daina amfani da ita. Wankin kawunan kuwa ya yaba, ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Da muka ba shi labarin zanzaro ko mamaki bai yi ba, ya ce shi da gizo-gizo ai su suke ciyar da shi.

Tunda zauren marubuta ne, bari mu tona wa kanmu wani asirin. A littafin da muke rubutawa akwai babin da kishiya ta buɗe gas, amarya ta shigo ta ƙyasta ashana, tukunya ta tashi kamar bom. Mun karanta irinsa a littattafan intanet ba adadi, muka kwafa ba tare da mun tambayi kowa ba. Yanzu mun san yawanci ba tukunyar ce ke fashewa ba, iskar da ta taru a ɗaki ce ke kamawa gaba ɗaya. Tukunya sai ta daɗe cikin gobara tana gasuwa take fashewa. Mun kuma bar amaryar tamu ta shiga ɗaki cike da gas ba ta ji wari ba, alhali mu daga bakin ƙofa ya kusa kayar da mu. Mun koma mun rushe babin. A sabon, ta ji warin sarai, tana da dalilin da ya sa ta yi shiru, kuma wannan dalilin ya fi fashewar ban tsoro. Ba sai mun faɗa muku inda muka samo shi ba.

An gyara murhu, amma Baba bai ce a kunna ba, ba wanda kuma ya isa ya tambaya. Ya sa aka fitar da tukunyar zaure. Umma ta koma bayan ɗaki ta jera duwatsunta uku ta hura itace. Kwana na biyu tarin ya dawo. Muna kwance muna jin ta ta bango kafin assalatu, mun san shi ma yana ji. Mun yi kuka a daren nan, na haushin kanmu, don mun san ba tsagar tiyo ce ta mayar da ita gaban hayaƙi ba.

Rana ta huɗu da hantsi sai ga Baba da birkila. Aka huda bangon madafi daidai faɗin tiyo, aka gina wa tukunyar 'yar rumfa a waje, cikin inuwa, gefe da gefe a buɗe don iska ta riƙa ratsawa, aka sa ta a tsaye a kan dakali. Ya sa aka cire marfin tagar madafin aka sa raga. Da aka gama ya kira mu, ya ce, "Kawo kumfar taki in gani." Muka shafa a gabansa, gaɓa bayan gaɓa, ya durƙusa da tabarau yana kallo har ya gamsu ba abin da ke hurowa. Sannan ya miƙe ya dubi Umma, ya dube mu, ya ce, "Nan gaba in kun ji wari, ni za ku fara gaya wa." Ya saɓa babbar rigarsa ya fita.

Tun daga ranar, in ya dawo daga sallar isha'i ba ya shiga ɗaki sai ya biya ta rumfar nan ya taɓa regileta da hannunsa. Umma kuma ta koma kunna kawunan biyu bi da bi, yau hagu gobe dama. Juma'ar da ta wuce muna tsaye muna yanka albasa sai ga zanzaro ya shigo ta ƙofa da 'yar laka a baki, ya zagaya murhun sau biyu, auta ta bi shi da mafici.